Jeren Asalin Masu Taurin Kai

Talata, bayan la'asar

Yau ma Kaltuma ba ta fito ba. Uwarta Hajara ta kai mata fura, ta dawo da ƙwaryar yadda ta kai ta. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Amarya, tsohon mijinki ya zo zance, ko sai na aiko da goro?" A da sai ta ce, "Tafi can, Kaka, wa zai auri mai haƙori uku?" Yau shiru. Sai da na koma zaure na gane bai kamata kalmar miji ta fita bakina ba.

Ni Kolo ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Ɗan ajamin da na tsinta a allo da shi nake wannan zane, don hannu ya sami abin yi. Aikina riƙon asali. Duk gidan Barebari da ke Birni, in ana suna ko ɗaurin aure, ni ake kira in jero musu kakanni tun daga wanda ya taso daga Borno har jaririn da ke cikin zane. Kaltuma jikata ce, tana koyar da Angile, Turancin Ingila, a kwalej. Tun ranar da aka bugo waya daga Dirku aka ce an ga motar da mijinta Alkasum ya shiga zuwa Jado, can cikin sahara, amma ba a ga mutanen ciki ba, ta dawo gidan nan ta rufe ɗaki. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Alhamis, da hantsi

Mushe Suma'ila, diraktan kwalejinsu, ya zo. Mushe muke ce wa malamin boko. Mutumin kirki ne, ya cire takalmi tun daga waje. Ya ce, "Baba, na rufe mata iya rufewa. In wata ya kama ba ta koma aji ba, na sama za su ba wani. 'Yan kwantaragi ba a jiran su. Ga yaranta za su zauna jarrabawar birbe bana."

Na ce, "Za ta koma."

Ya ce, "Ta faɗa maka?"

Na ce masa ya sha ruwa.

In aikin nan ya tafi, me ya rage mata da zai fitar da ita daga ɗakin can?

Asabar, bayan azahar

Kai! Yau na ga abin mamaki.

Yaran ajinta suka zo gaishe ta, cike da zaure. Ba ta fito ba. Suka zauna jugum, sai wata mai idon tsiya, Lubna, ta buɗe littafi tana gunaguni. Na ce me take karantawa haka kamar mai zagin miji? Ta ce, "Baba, wasu kalmomin aikatawa ne na Angile. Yawancinsu in za ka ce an riga an yi abu, sai ka ɗaura musu wutsiya iri ɗaya, shi ke nan. Amma waɗannan sun ƙi. Kowace da tata kamar, uku uku, sai dai a haddace. Madam ta ce za mu yi su kafin birbe, ga shi ba mu yi ba."

Na ce karanto in ji.

Ta ce, "Tek, tuk, tekin. Gib, geb, gibin. Si, so, sin."

Na ce, "Ke, tsaya! Wannan ai asali ne! Tek ya haifi Tuk, Tuk ya haifi Tekin. Kaka, uba, jika!" Suka kwashe da dariya. Na ce su yi ta dariya. Na sa ta karanta mini duka, ta sake, na mayar mata da su ba tare da na duba komai ba. Wani dogo mai suna Ɗan'auta ya riƙe baki ya ce, "Baba, aljanu gare ka?" Na ce aljanun ubanka.

Na sa musu suna masu taurin kai. Na ce gobe kowa ya dawo.

Lahadi, da hantsi

Na raba su gida gida, tun asuba nake yi a kaina.

Akwai gidan da ba su da wahalar raɗin suna, kaka da uba da jika duk suna ɗaya: Kat, Kat, Kat. Put, Put, Put. Na san irinsu, akwai wani gida a Zango da kowa Mamman ne. Akwai gidan da jika ya ci sunan kaka: Kam, Kem, Kam. Akwai inda ɗa ya gaji sunan uba: Bai, Bot, Bot. Sai manyan gidaje, kowa da sunansa. Sai wani guda da ya ba ni dariya har na yi tari: Go, Wen, Gon. Wen ɗin nan bai yi kama da kowa a gidan ba. Na ce wa yara agola ne, uwarsa ta zo da shi, amma an riƙe shi da mutunci, kada wanda ya tona.

Wasila, wata 'yar ƙarama mai jin kunya, ta ce tunda take ba ta taɓa riƙe Wen ba sai yau.

Lahadi, bayan la'asar

Na fitar da su daga zaure na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gindin bango. Can ya fi inuwa. Tagar ɗakin Kaltuma tana wajen, amma ba don ta ji na yi ba. Inuwa ce.

Talata, bayan la'asar

Abu ya kama! Na sa musu kiɗa da sandata a ƙasa, ni in ja, su su amsa, yadda ubana ya koya mini jeren gidaje. Daga gidan su Kat ake farawa, a bi gida gida har a sauka kan Wen da 'yan'uwansa. Na kafa musu doka ɗaya, wadda aka kafa mini da bulala: ba a shiga asali ta tsakiya. Wanda ya ambaci jika bai ambaci na gabansa ba ya yi rashin kunya ga matattu. In ka ɓata, koma farko. Ɗan'auta ya ɓata a gidan su Bai, na mayar da kowa farko. Suka yi ta harararsa. Da ya sake ɓatawa Lubna ta ce, "Kai dai tsawo kawai Allah ya ba ka." Ya ce, "Ke kuma baki." Na ce duk ku koma farko.

Hajara ta leƙo daga madafa ta ce, "Baba, gidan nan fa ana cikin wani hali." Na ce na sani, shi ya sa.

Laraba, da hantsi

Mamman mai gyaran rediyo ya tare ni a hanyar masallaci. "Kolo, an ce ka zama mushe? Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa da boko?" Na ce, "Rait, rot, ritin." Ya ce me ke nan? Na ce zagi ne, je ka tambaya. Na bar shi tsaye.

Alhamis, bayan magariba

Tagar a buɗe take kaɗan. Kamar faɗin yatsa biyu. Iska ce wataƙila.

Juma'a, bayan sauka daga masallaci

An bugo waya. Hajara ta ruga har ta zubar da tukunya. Ba kowa ba ne, masu tallar kuɗin waya ne.

Asabar, bayan la'asar

Yara sun ƙaru. Wasu ma ba 'yan ajinta ba ne, ƙannensu ne suka biyo, har da wani mai majina da bai shiga lakwal ba yana ta "put, put, put" yana tsalle. Mata masu jiran ruwa a famfon unguwa na ji suna rera gidan su Kam, ba su san me suke faɗi ba. Ni Kolo, a wannan shekarun, na shigo da Angile Birni da sanda!

Sun iya tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Har na fara yi wa kowane gida ɗan kirari. Lubna ta ce kirarin ba ya cikin littafi. Na ce littafin ne ya gaza.

Hajara ta ce yau Kaltuma ta sha furar, rabi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan taka rawa, gwiwa ta hana.

Lahadi, da hantsi

Dangin Alkasum sun zo daga Tirmini, baffansa da wasu biyu. Suna maganar a tara malamai a yi abin da ake yi. Baffan ya tambaye ni, in na tashi jero gidansu nan gaba, yaya zan ambaci yaron. Na ce yadda na saba. Ya ce, "Kolo, sai mu yi haƙuri mu karɓi..." Na ce rana ta yi, hanyar Tirmini da nisa.

Ba a yi karatu yau ba.

Litinin, bayan la'asar

An yi. Na ɗaga murya fiye da kullum. Maƙogwaro ne ya buɗe, ba wani abu ba.

Jibi za su yi jarrabawar gwaji a kwalej, irin wadda ake yi kafin birbe ta gaske. Na ce musu su je su nuna wa Damagaram. Wasila ta ce, "Baba, in mun ci me za ka ba mu?" Na ce haƙorina ɗaya, ku raba.

Laraba, da hantsi

Suna can yanzu. Na kasa zama. Na zaga tsakar gida har Hajara ta ce zan haƙa mata rijiya da sanda. Na sa hular da nake sawa ranar suna.

Laraba, bayan la'asar

Ba wanda ya zo.

Alhamis, bayan azahar

Mushe Suma'ila ya zo. Yau ma ya cire takalmi, amma bai sha ruwa ba.

Ga abin da ya ce ya faru. A takardar, ba a jere ake tambaya ba. Sai a ba yaro zance guda, a bar gurbi, a ce sa wannan kalma a yadda ta riga ta wuce. Ta farko da aka tambaya tana can gidajen ƙarshe. Sai ajin Kaltuma gaba ɗaya suka sunkuyar da kai suka fara daga Kat, ƙasa ƙasa, suna buga ƙafa. Mai tsaron aji ya zaci addu'a suke. Da suka iso kalmar suka rubuta, suka duba tambaya ta biyu, suka sake komawa Kat. Ya ce ɗakin har amsawa yake kamar gidan zuma. Sauran azuzuwa suka leƙo. Lokaci ya ƙare ba su taɓa fassara ba, ba su taɓa rubutun labari ba, rabin takarda fari fat.

Na ce, "Waɗanda suka rubuta, daidai ne?"

Ya ce, "Daidai ne, Baba. Amma sun faɗi. Kusan duka. Ka koya musu su ciro kalma ɗaya daga inda take, ko ka bar su haka."

Na ce ba a shiga asali ta tsakiya. Na ce mai tambayar ne ba shi da tarbiyya, wa ya taɓa tsayar da mutum a hanya ya ce faɗa mini jikan wane, ba sallama ba komai? Su gyara tambayarsu.

Ya dube ni ya ce, "Baba, daga Yamai takardar birbe take zuwa. Ba za su gyara don kai ba." Ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wata ya kusa kamawa, kuma yanzu iyaye sun fara zuwa ofishinsa suna cewa a kawo wani malamin.

Da ƙarfi ya faɗa. A tsakar gida muke.

Juma'a, da hantsi

Ni ban yi laifi ba. Abin da aka ba ni na ba su, yadda aka ba ni.

Juma'a, bayan la'asar

Tagar a rufe.

Asabar, da hantsi

Mamman ya ce, "Mushe, ina 'yan makaranta?" Na wuce abina. Uban Ɗan'auta ya sauya hanya da ya hango ni.

Na gwada ni kaɗai a zaure. Na ce wa kaina, to Kolo, ciro Gib kai tsaye. Bakina ya buɗe, sai na ji Kat ta fito. Na gwada da gidan Malam Adam na Birni da na fi shekara hamsin ina jerowa, in ciro na tsakiya. Haka dai. Ashe ni ma ban san hanyar ba. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Lahadi, bayan la'asar

Allahu akbar! Bari in rubuta a hankali.

Lubna ce ta zo, da Wasila, da Ɗan'auta a bayansu kamar an jawo shi. Lubna ta ƙi zama. Ta ce, "Baba, ka cuce mu. Ko ina wanke-wanke abin nan yana kaina. In aka ce mini kalma ɗaya sai na faro daga Kat. Babana ya ce in na faɗi birbe sai dai in zauna shago." Tana faɗa tana kuka, tana jin haushin kukan.

Na ce su zauna mu sake bi, wannan karon da sauri, in suka iya gudu za su riƙa isowa da wuri. Abin da na iya tunani ke nan. Na ɗaga sanda. Muka fara. Kat, Kat, Kat.

Sai murya daga taga, a dushe kamar ta mai mura: "Lubna. Si."

Lubna ta buɗe baki ta fara, "Kat..."

"A'a. Si kawai. Me kika gani jiya a hanyar gida?"

Lubna ta ce ta ga akuya a kan dutse.

"Faɗa da Angile."

Yarinyar ta yi ta lalube, can ta ce, "Ai so e got."

Na buga sanda na ce, "Wace ce wannan mai shiga asalin mutane ta taga? Ba a fara daga Si! Gidaje nawa ke gabansa!"

Ta ce, "Kaka, ka lalata mini yara."

Na ce, "Yaranki? Ni na tsince su a zaure ba mai su."

"Ka mayar mini da su 'yan amshi."

"In kin isa fito ki karɓa. Ni ba na jayayya da bango."

Har na ce a raina na yi yawa, na ɓata. Hajara tana bakin madafa da muciya a hannu, ta ƙi motsi. Sai muka ji sakata.

Kaltuma ta fito. Ta rame. Hasken ya sa ta kare ido da hannu. Zanen da ke jikinta tun na ranar da aka bugo waya ne. Wasila ta tashi za ta rungume ta, ta ce, "Zauna, ba gaisuwa na fito ba." Ta miƙo hannu ta ce in ba ta sandar. Ni! Sandar ubana! Na ba ta. Ta jingine ta da bango can nesa, ta ce daga yau ba kiɗa. Ta nuna Ɗan'auta: me ka saya ran kasuwa? Ya fara buga ƙafa, ta taka masa ƙafar. Ya ce, "Wayyo, Madam!" Ta ce da Angile. Har Hajara sai da ta yi dariya, tana yi tana share ido da bakin zane.

Ba ta daɗe ba, ta gaji, ta koma ciki. Amma ba ta sa sakata ba.

Litinin, bayan la'asar

Yara sun dawo, har da waɗanda iyayensu suka hana. Kaltuma ta yayyanka takarda ƙanana, ta rubuta kalma ɗaya ɗaya, ta zuba a ƙwaryar fura, kowa ya sa hannu ya ciro, ya ba da labarin abin da ya yi jiya da ita. Kaka a hannun wannan, jika a hannun wancan, gidaje duk a cakuɗe. Na ce wannan caca ce, ba karatu ba. Ta ce, "Kaka, in ba za ka yi shiru ba, ciro ɗaya." Na ce Allah ya kiyaye.

Amma na lura, duk wanda ya ciro, in ya daure bai rera ba, amsar tana nan a bakinsa. Wa ya zuba ta a can? Na faɗa mata haka. Ta ce, "Ka cika rumbu, ka manta ƙofa." Na ce rumbun dai nawa ne.

Wasila ta ciro Kam. Ta ce yayanta ya dawo daga Agadas jiya, ta fara haɗa zancen, sai ta tuna, ta rufe baki da hannu. Kaltuma ta dubi ƙasa, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ƙarasa, Wasila. Yaya ake cewa ya dawo?" Yarinyar ta ƙarasa. Ta ce daidai ne, na gaba.

Na tashi na shiga zaure, wani abu ya faɗa mini a ido.

Laraba, da hantsi

Hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba. Kaltuma ta wanke kayanta ta shanya. Ta tambayi Hajara ina jakarta ta lakwal.

Ba labari daga arewa.

Alhamis, bayan sallar asuba

Wata ya kama. Na fito alwala na tarar da ita a zaure da jaka, da mayafi, tana tsaye tana kallon ƙofar gida kamar bakin rijiya. Na ce ko in kira mai kabu-kabu? Ta ce a'a. Ta ce, "Kaka, mutane za su yi ta tare ni suna yi mini jaje. Ba zan iya ba. Ka raka ni, ka riƙa yi mini surutu, kada ka bar kowa ya sa baki."

Na ce, "Surutun me?"

Ta ce, "Jero mini masu taurin kan naka."

Na ce da sharaɗi, daga farko zan fara, kuma in aka katse ni sai na koma.

Ta ce, "Shi ya sa na ce kai."

Ina hulata? Hajara ta ɓoye mini takalmi kuma. Ga Kaltuma can tana kira, wai za mu makara.